Gatarin da Tanko Bai Jiƙa Ba

Haƙorin farko da Tanko ya cire wa mutum na wani mai tura baro ne a Rafin Guza, tun gemu bai fara yi masa tsiro ba. Laifin mutumin bai taka kara ya karya ba, goge shi ya yi da baro bai ce sannu ba. Tanko ya danne shi cikin kwata ya yi ta kirɓa kamar an aiko shi, maza uku suka kama shi suka kasa ɓamɓarewa. Ana cikin haka sai ga wata siririyar budurwa ta ratso taron da ludayin miya a hannun hagu. Ta bayansa ta zo, ta sa hannun dama ta damƙi wuyan rigarsa ta ja sau ɗaya, sai ya saki mutumin ya miƙe, ya bi ta gida yana huci, jinin wani yana ɗiga daga yatsunsa.

Yayarsa ce, Sa'adiya. Mata huɗu uwarsu ta jera kafin ta same shi, abin da ya sa ake ce masa Tanko ke nan, kuma ba ta daɗe ba ta rasu ta bar shi yana rarrafe. Sa'adiya ce babba, ita ta goya shi, ita ta riƙa janye shi ta wuyan riga in ya nufi bakin murhu. Yaro ya girma ya zama ƙato, ƙirji kamar ƙofar shago, amma wannan jan bai daina aiki a kansa ba. Mutanen unguwa har suka gane. In Tanko ya kama wani ba a neman ɗan sanda, ba a neman mai unguwa, sai a ruga a kira Sa'adiya, a yi ta addu'a ta iso kafin a yi kisa.

Ita ta zaɓa masa sana'a. Lokacin ta yi aure a Kawo, ta fara sayar da tuwo da shinkafa a gefen tasha, tana neman mai faskara mata itace. Ta ce tunda Allah ya yi shi da son dukan abu, gara ya daki abin da ba shi da dangin da za su biyo sawu. Ta kai shi wajen maƙeri aka ƙera masa gatari irin na gargajiya, ƙarfe mai faɗin baki da tsini a baya, a huda kan ƙota a cusa tsinin a ciki. Irin wannan gatari ba ƙusa ke riƙe shi ba, ƙotar ce da kanta. Shi ya sa kowane mai faskare ya san dole kan ƙota ya kwana a ruwa, itacen ya kumbura ya matse ƙarfen, in ba haka ba wata rana zai ɗaga gatari ya sauke sanda. Sun kuma san ba a tsayawa bayan mai faskare, ko da gaisuwa ce ta kawo ka.

Sa'adiya ta ware masa wani tsohon daro. Kullum da la'asar takan cika shi da ruwa ta ajiye a bakin madafa, shi kuma in ya tashi aiki ya tsoma kan gatarin a ciki, ya wanke fuska, ta zuba masa tuwo da ƙashi mai ɓargo. Shekara wajen talatin suna haka.

Sana'arta ta yi albarka. Daga tukunya ɗaya ta koma shida, ta ɗauki mata masu taya ta, mijinta ya rasu ta ci gaba da riƙe gida da muciya. Daga baya ta samu kwangila a ƙaramar hukuma, ita ke dafa wa masu kwana jinya a ƙananan asibitoci, da masu sharar titi, da duk taron da za a yi a sakatariya. Aka fara ce mata Hajiya tun kafin ta je Makka. Madafar kuwa in an hura murhu shida da itacen da bai gama bushewa ba, ko na kusa da kai ba ka gani, sai dai ka ji tarinsa. Bango ya yi baƙi ƙirin. Idanun Sa'adiya suka koma ja, kullum suna zubar da ruwa, har baƙo kan yi mata ta'aziyya bai san wa ya mutu ba. Tari ke tashinta kafin ladan ya kira asuba.

Tanko bai taɓa ganin aibun hayaƙin nan ba, a wajensa shaida ce cewa ya yi aiki. A tsakar gidan akwai wani kututturen maɗaci da yake ɗora gungume a kai, samansa ya lotsa saboda sara. Gungumen kirya da zai gagari maza biyu, Tanko kan zagaya shi, ya tofa yawu a tafi, ya raba shi yana gurnani. A nan kaɗai yake jin shi mutum ne mai amfani, kuma in gaskiya za a faɗa, a nan kaɗai yake da shi.

Ba wanke shi za a yi ba, itacen bai shanye masa zafin zuciya duka ba. Aure biyu ya yi, duka suka mutu. Ta farko ta gudu da ƙafarta. Ta biyu sai da aka yi mata ɗinki a goshi, kuma ranar Sa'adiya da kanta ta raka ta gidan iyayenta, ta ce kada su kuskura su maido ta. Kwandastocin tashar Kawo sun san nauyin hannunsa, akwai wanda har yau hancinsa a karkace yake saboda ya taka masa ƙafa a layin shayi.

Itacen kuwa daga wajen Alhaji Gambo yake zuwa, wani dila mai tsohuwar gingimari da ke ɗebo gungume daga dajin yamma. Sau ɗaya Tanko ya bi motar, da aka rasa masu lodi. A hanyar dawowa 'yan bindiga suka tare su, suka ce Alhaji bai aiko musu da nasu ba, suka kwantar da su rub da ciki suka zane su da wayar wuta. Wani ya ɗora takalmi a kan Tanko, Tanko ya cafki ƙafar ya murɗa, sai suka taru a kansa da gindin bindiga, suka yanke masa saman kunnen hagu da wuƙa. Direban kuma suka harbe shi a gabansu, don saƙon ya isa. Tanko ya dawo da rabin kunne, ya mai da shi abin alfahari, yana cewa itacen nan da jini ake kawo shi. Alhaji Gambo dai bai taɓa taka dajin ba, yana ƙarƙashin rumfa da carbi.

Wata rana ƙaramar hukuma ta kira duk masu kawo mata kaya, masu burodi, masu bulo, masu motocin haya, da masu abinci. Sa'adiya ce ta dafa abincin taron, Tanko ya ɗauko mata kuloli ya tsaya a baya yana jira a ci a ba shi kwanuka. Jami'in saye-saye, wani Malam Abdulƙadir, mutum mai magana a hankali, ya tashi.

"Hukuma ita ce babbar mai saye a yankin nan," in ji shi. "Burodi, abinci, bulo, duk muna saye, kuma hayaƙin da aka tayar wajen yin su a wuyanmu yake. Kun ga irin zafin da ake yi yanzu, kun ga yadda rafi ke cin gidaje duk damina. Ba mu ce mu kaɗai za mu gyara duniya ba, amma namu hayaƙin za mu rage. Daga sabuwar shekara, wanda zai dafa mana ko ya gasa mana, ba da itace ba."

Ɗakin ya kaure da surutu. Malam Abdulƙadir ya bari suka lafa, sannan ya ce ba korar kowa za a yi ba, tare za a yi aikin. Hukuma za ta samar da murhun ƙarfe mai riƙe zafi, ta turo mai koyarwa, ta kuma haɗa su da wani Jamilu da ke dunƙula gawayi da buntun shinkafa da garin katako, abubuwan da da ma ƙone su ake yi a bola. Wani mai burodi ya tambaya, to masu faskare fa? Malam Abdulƙadir ya ce an yi tunaninsu, Jamilu na neman ƙarfafan maza masu ɗebo buntu da danna injin dunƙulawa.

"Wato shara zan koma kwasa," in ji Tanko daga baya.

Kafin a waiwaya ya ɗaga kujerar ƙarfe sama da kansa ya nufi teburin Malam Abdulƙadir. Mutane suka dare. Bai kai rabi ba ya ji an ja wuyan rigarsa, ya tsaya cak da kujera a sama kamar mai tallanta, sannan ya ajiye a hankali. Sa'adiya ta ba Malam Abdulƙadir haƙuri, ta kuma ce a rubuta sunanta cikin waɗanda za su fara gwadawa.

Aka kawo murhu biyu na gwaji, daga baya aka cike shida. Gawayin Jamilu dunƙule-dunƙule ne kamar ƙosai, yana ci ja wur, ba ka ganin komai na tashi. Matan madafa suka yi ta dariya, wai ashe haka fuskokinsu suke. Tanko yana zaune a kan kututturensa yana kallo, gungumen ƙarshe na jingine a bango ba mai nemansa. Da la'asar Sa'adiya ta cika daro kamar kullum, ta kawo masa tuwo, ta zauna kusa da shi.

"Tanko, yau ladan ne ya tashe ni," ta ce. "Rabon da in yi barci har asuba tun kana saurayi."

"To ni kuma fa, Yaya?"

"Kai kuma me? Tuwonka na nan. Na yi magana da Jamilu, ya ce ka je ka fara duk ranar da ka shirya."

"Ni da gatari aka san ni."

"Ni na sa aka ƙera maka shi. Don ka daina fasa kan mutane na yi, ba don in ƙare a cikin hayaƙi ba. Ka dube ni da kyau, idanun nan sun kusa tafiya."

Bai dube ta ba. Abin da ya ji kawai shi ne an gama da shi, kuma wadda ta goya shi ce ta gama da shi. Ya yi fatali da kwanon tuwon, ya zare gatarinsa daga cikin daro yana zubar da ruwa, ya fice. Da ya isa ɗakin da yake haya a Rafin Guza ya wurga shi saman rufin kwano, ya ce ya zauna can tunda ba a son sa. Bazara ce ta shigo, rana tana dukan kwanon daga safe har yamma.

Wanda bai iya zama ba, in ya zauna sai ya nemi abin yi. Tanko ya koma wuni a filin itacen Alhaji Gambo, inda gungume ya taru har gara ta fara cinsa, don masu burodi ma sun fara sauyawa. Alhaji ya riƙa saya masa shayi da ƙwai yana kiransa sarkin gatari. Bai taɓa ce masa je ka yi kaza ba, ya fi ƙarfin haka. Sai dai ya girgiza kai ya ce, namiji kamarka, wanda ya bar kunnensa a daji, a ce wani mai dama ƙasa da buntu ya zaunar da shi. Ya kuma ambata, kamar ba da niyya ba, ta wane lungu Jamilu ke bi in zai kai kaya Kawo.

Jamilu magidanci ne mai sanyin hali, da 'ya'yansa uku, shi ke tuƙa kekensa mai bodi da kansa. Da rana tsaka Tanko ya tare shi a lungun da ɓarin kirya a hannu. Jamilu ya tsaya, har ya fara murmushi yana cewa, "Malam Tanko, ai muna ta jiranka," sai itacen ya same shi a muƙamuƙi. Ya faɗo daga keken, Tanko ya bi shi da duka a haƙarƙari, a baya, a hannun da ya ɗaga yana karewa, har ya daina motsi. Mata suna ihu daga ƙofofin gida. Wani ya ruga kiran Sa'adiya, aka ce ta tafi kai abinci asibiti. Tanko ya fasa tankin man keken ya ƙyasta ashana. Tayoyin suka turnuƙe lungun da baƙin hayaƙi, gawayin kuma ya kama ja wur cikin buhunansa babu hayaƙi ko kaɗan, wannan ma ya ƙara ba shi haushi.

Jamilu bai mutu ba, amma sai da aka ɗaure masa muƙamuƙi da waya, kunu yake sha da tsinken roba. Sa'adiya ta je ta durƙusa gaban mahaifiyarsa tana kuka, kukan gaske wannan karon, ta ɗauki nauyin jinyar, ta roƙa kada a kai ƙaninta gaban hukuma. Jamilu da ba ya iya magana ya ɗaga hannu alamar a bari. Ƙannensa suka ci gaba da kawo gawayi, biyu-biyu suke zuwa. Sa'adiya ta ɗauka ta ceci Tanko, amma abin da shi ya koya a ciki shi ne ko me ya yi akwai mai share masa. Ta aika a kira shi, ya ƙi zuwa. Kunya ce ta hana shi, kuma shi kunya ba ta zama a cikinsa sai ta koma fushi.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, Alhaji Gambo ya tare shi da labari. Hukuma ta zaɓi madafar Sa'adiya ta zama abin misali, yau Malam Abdulƙadir zai kai sauran masu abinci da masu burodi su gani da idonsu. Alhaji ya kurɓi shayi ya ƙara da cewa, "Na ji ma an tumɓuke kututturen nan naka daga tsakar gida, wai yana tare wa baƙi hanya. Shekara talatin, sarkin gatari. Allah ya kyauta."

Tanko ya juya. Ya koma ɗaki, ya taka bango ya ɗauko gatarin daga saman kwano. Ƙarfen ya yi zafi har ba ya taɓuwa, ƙotar ta yi fari fat, ta tsage siriri a kai. Da ya girgiza ya ji ƙarfen na girgiɗi kamar haƙorin tsoho. Ya san abin da hakan ke nufi, babu wanda ya fi shi sani a duk Kaduna. Ya buga shi da ƙasa sau biyu don tsinin ya shige, ya ce ya isa, ya saɓa a kafaɗa ya kama hanyar Kawo. Waɗanda suka gan shi suka ja yaransu cikin gida.

Da ya shiga soron gidan, abin da ya fara gani shi ne kututturensa. Ba a jefar da shi ba, an matsar da shi ne bakin ƙofar madafa, an share gefensa, kuma a kansa ga tsohon daron nan cike da ruwa mai tsabta. Duk watannin da bai zo ba, ba ta fasa cikawa ba. Ya tsaya yana kallon daron. Da ya zauna a nan ya tsoma gatarin, da labarin Tanko ya zama na dariya. Amma sai ya ji tafi daga ciki, baƙi suna yaba murhu, muryar Malam Abdulƙadir tana cewa kun ga ko bangon ma an iya yi masa farin fenti. Ya wuce daron ya shiga.

Malam Abdulƙadir ne ya fara shan gwiwar hannu a baki, ya faɗa kan buhunan gawayi. Baƙi suka yi ta hawa kan juna wajen neman ƙofa. Tanko ya ɗaga gatari ya sauke a kan murhun farko, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, murhun ya kife, garwashi ya watsu, tukunyar miya mai tafasa ta juye a ƙafafun wata mai aiki, ta ƙwalla ƙara ta faɗi. Bai ko kalle ta ba. Ya sari murhu na biyu, bakin gatarin ya nutse cikin ƙarfen ya maƙale. Ya taka murhun da ƙafa, ya murɗa, ya fizge, ya ɗaga sama da dukan ƙarfinsa don sara na uku. A nan ya ji ƙotar ta yi sakayau a hannunsa.

Ya ji wani sauti a bayansa, irin wanda yakan ji in gatari ya shiga ɗanyen itace. Ya tsaya da sanda a sama, yana jiran a ja wuyan rigarsa, don ya san lokacin jan ya yi. Ba a ja ba. Da ya waiwaya, Sa'adiya na tsaye taku kaɗan a bayansa, hannun damanta a miƙe wajen wuyansa, ƙarfen gatarin ya shige mata tsakanin wuya da kafaɗa. Ita ma ta san ba a tsayawa bayan mai faskare, ita ta fi kowa faɗa wa yara. Amma ta bayan kaɗai ta iya kama shi. Ta dube shi da jajayen idanun nan da suka fara washewa, ta durƙushe a kan gwiwoyinta, jini ya jiƙe mata zane.

Shi ya ɗauke ta. Ya fito da ita a hannu yana gudu a tsakiyar titi yana kiran Yaya, Yaya, da wata murya da ba wanda ya san yana da ita, motoci suna kauce masa. A ƙofar asibiti 'yan sanda suka same shi zaune a ƙasa, ya miƙa musu hannu da kansa.

Likitoci sun ceci ranta, amma jijiyar hannun ta yanke, hannun dama ya shanye. Daga kan gadon jinya ta so ta sake roƙa masa, sai dai wannan karon akwai matar da ƙafafunta suka saluɓe, akwai Malam Abdulƙadir da haƙoransa da suka zube, kuma mahaifiyar Jamilu ta ce ita ma yanzu za ta yi magana. Alƙali ya tura shi gidan yari, ba wanda ya ce an zalunce shi, har shi kansa. Matan madafa suka riƙe kwangilar, hukuma ta gyara murhu biyun, masu burodin da suka tsere ranar suka dawo wata rana suka ƙarasa kallo. Alhaji Gambo kuwa ya ce shi da ma ya sha yi wa yaron nan nasiha. Kafin damina ta fita gingimarinsa ta koma ɗebo wa Jamilu buntu daga injinan casar shinkafa, har yana yi wa mutane bayanin illar hayaƙi.

Da Tanko ya fito, furfura ta cinye masa gemu. Ya yi ta zagaya unguwar kafin ya iya shiga soron. Kututturen na nan, daron na kife a kansa. Sa'adiya tana zaune a bakin murhu, ta tsufa, hannun damanta na kwance a cinya kamar ba nata ba, tana gaya wa wata mai aiki yadda za ta juya tuwo a babbar tukunya, mai aikin kuma ƙarfinta ya ƙare tana haki. Ba su gaisa ba, ya kasa. Ya karɓi muciyar kawai ya fara tuƙi. Sa'adiya ta kalle shi ta ce ya riƙa kai wa gindin tukunya, kada ya tsaya a sama.

Sana'arsa ke nan har yau. Ƙaton da ya raba kirya shi ke tuƙa tuwon masu jinya da masu sharar titi, kuma an ce ba a taɓa samun gudaji a ciki ba. Bai ƙara taɓa gatari ba. Sai dai zuciya ba ta mutuwa don an je gidan yari. Kwanan baya wani kwandasta, mai karkataccen hancin nan, ya leƙo sayen abinci ya gan shi da muciya, ya yi dariya ya ce, "Ashe Tanko zane kawai ya rage a ɗaura maka."

Tanko ya saki muciya ya miƙe. Idanunsa suka rufe kamar da, hannunsa ya dunƙule, matan madafa suka ja da baya. Ya yi taku ɗaya, sai ya ji wani abu na gogar masa tsakiyar baya, a hankali, yana zamewa yana dawowa. Ya waiwaya. Sa'adiya ce ta taso. Ba ta taɓa kama shi da hagu ba tun yana rarrafe, kuma ba ta yi niyyar farawa yanzu ba, saboda haka ta tallafo shanyayyen hannun da na hagu tana ƙoƙarin kai shi wuyan rigarsa. Hannun ya ƙi wuce tsakiyar bayansa, yatsun kuma sun ƙi rufuwa.

Tanko ya juya mata baya, ya durƙusa a ƙasa har wuyan rigar ya sauko daidai inda hannun yake. Ta ɗora yatsun a kai. Suka daɗe a haka, kafaɗunsa na rawa, kwandastan ya sulale bai karɓi abincinsa ba.

"Tashi," in ji ta. "Tuwon nan zai kama."

Ya share fuska da gefen riga, ya tashi ya ɗauki muciya.